Tarkacen Gida, Gwal da Kuɗin Tallafi: Inda Iyakar Take a Birtaniya

A farkon watan Janairun 2024 wani saƙon murya ya yi ta yawo a zauren WhatsApp na matan unguwarmu a nan Manchester, duk wadda ta saurara sai ta tura wa wata, har ya dawo mini sau uku a yini guda. Mai maganar, wadda har yau babu wanda ya san ko wace ce, ta yi rantsuwa cewa daga ranar 1 ga wata gwamnati ta ɗora haraji a kan duk abin da mutum ya sayar a shafukan ciniki na intanet irin su Vinted ko eBay, kuma wai duk mai karɓar tallafi da aka samu ta sayar da ko da takalmin yaro ne, za a yanke mata tallafin nan take. Da yammacin ranar maƙwabciyata, yarinya mai 'ya'ya uku, ta shigo gidana da waya a hannu, ko mayafinta ba ta tsaya gyarawa ba. Ta ce, "Yaya, na shiga uku. Na sayar da gadon jariri da keken tura yaro da wasu rigunan sanyi da suka yi wa yara kaɗan, kuɗin gaba ɗaya bai kai fam 300 ba. Yanzu cewa za su yi na yi zamba?" Na ce mata ta zauna ta sha ruwa tukuna, domin na daɗe ina taya matan unguwa cike takardun tallafi, kuma na san cewa abin da ta sayar ba ya cikin abubuwan da ke jawo wa mutum matsala.

Saƙon ya ɗauko 'yar gaskiya ne ya lulluɓe ta da ƙarya. Abin da ya fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2024 doka ce da ta wajabta wa kamfanonin da ake ciniki a dandalinsu, irin su eBay da Vinted da Depop da Etsy, su riƙa tattara bayanan masu sayarwa, wato suna da adireshi da ranar haihuwa da lambar inshorar ƙasa, su miƙa wa hukumar haraji ta HMRC sau ɗaya a shekara, kuma wa'adin rahoton farko shi ne 31 ga Janairun 2025. Ba kowa ne ke shiga rahoton ba, sai wanda ya yi ciniki 30 ko fiye a cikin shekara, ko kuma wanda cinikinsa ya haura Yuro 2,000, wato kusan fam 1,700. An ƙayyade adadin da Yuro ne saboda tsarin ya fito daga OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziƙi, kuma ƙasashe da dama sun ɗauke shi. Babu wani sabon haraji a ciki, kuma ganin sunan mutum a rahoton ba ya nufin ana binsa ko kwabo. Uwa mai yara uku za ta iya cika ciniki 30 a cikin wata biyu da riguna na fam 3 da fam 4, alhali kowace riga ta sayar da ita ƙasa da yadda ta saye ta.

To amma haraji daban, tallafi daban, kuma a nan ne mutanenmu suka fi rikicewa. Tallafin da mafi yawan masu ƙaramin ƙarfi ke karɓa a yau shi ne Universal Credit, wanda aka fara shigo da shi a 2013 domin ya maye gurbin tsofaffin tallafi guda shida, kuma Ma'aikatar Ayyuka da Fansho, wadda kowa ke kira DWP, ita ce ke kula da shi. Abubuwa biyu take dubawa kafin ta yanke abin da za ta ba mutum a wata: abin da ke shigo masa, da kuma abin da ya ajiye. Ƙa'idojin 2013 da aka gina tallafin a kansu sun faɗa ƙarara, a sashe na 46, cewa kayan amfanin mutum na kansa ba a lissafa su a cikin dukiya. Tufafi, kujeru, talabijin, tukwane, mota, kayan ado, duk babu ruwan ma'aikatar da su muddin suna nan a matsayinsu na kaya. Ranar da aka sayar da su kuwa, sun rikiɗe sun zama kuɗi, kuma wannan kuɗin ana ɗaukarsa ne a matsayin ajiya, ba a matsayin albashi ko riba ba. Duk bayanin da zai biyo baya a kan wannan bambanci ya tsaya.

Ga yadda lissafin ajiyar yake. Idan duk abin da gida ya mallaka na kuɗi bai wuce fam 6,000 ba, ba a taɓa tallafin ko kaɗan. Daga fam 6,000 zuwa fam 16,000, ana rage fam 4.35 a wata a kan kowane fam 250 da ya hau, kuma ko da guntun 250 ɗin ne ana lissafa shi kamar cikakke. Idan ajiyar ta haura fam 16,000, mutum ya fita daga cikin masu cancanta baki ɗaya. Ajiya a nan ta haɗa da kuɗin banki, da tsabar kuɗin da ke cikin akwati a gida, da wanda ke kwance a PayPal ko makamancinsa ba a riga an kwashe ba. Saboda haka maƙwabciyata, wadda duk abin da ke asusunsu ita da maigidanta bai kai fam 1,000 ba, ko da ta share ɗakin ajiyarta kaf ta sayar, babu abin da zai canza a tallafinta. Haka lamarin yake ga mafi yawan masu karɓar tallafi, domin wanda ke jiran ƙarshen wata kafin ya biya kuɗin wuta da wuya ya kusanci fam 6,000 ta hanyar sayar da tsofaffin takalma.

Ina da ƙorafi a kan waɗannan alƙaluma, kuma ba zan ɓoye ba. Tun watan Afrilun 2006 aka tsayar da iyakokin fam 6,000 da fam 16,000 a tsofaffin tallafi, aka kuma ɗauko su yadda suke aka saka a sabon tsari, alhali kuɗin haya da na abinci da na makamashi sun yi tashin da kowa ya gani a cikin waɗannan shekaru. Abin da fam 6,000 zai yi wa iyali a 2006 ba zai iya yinsa ba a yau idan aka zo maganar kama sabon gida ko gyaran mota ko tafiyar gaggawa zuwa gida saboda rasuwa. Tsarin da ke cewa yana son mutane su tsaya da ƙafafunsu, amma yana fara tsakurar tallafinsu da zarar sun tara abin da bai fi kuɗin jirgin iyali zuwa Kano da dawowa ba, akwai gyara a cikinsa. Sai dai ƙorafina ba ya canza doka, kuma dokar da ke ƙasa ita za a yi wa mutum hukunci da ita.

Inda maganar ke shafar matanmu kai tsaye shi ne gwal. Mace Bahaushiya da ta zo ƙasar nan da aure, ko da ba ta da komai a banki, da wuya a rasa sarƙa da 'yan kunne da awarwaro a ƙasan akwatinta, wasu daga lefe, wasu daga sadaki, wasu kuma gadon mahaifiya. A wurinmu gwal banki ne, shi ake ɗagawa ranar da ta ɓaci. A idon doka kuwa, muddin yana nan a matsayin kayan adonta, kayan amfanin kai ne, ba a tambayar nauyinsa. Amma a ce mace da mijinta suna da fam 5,200 a ajiye, sai ta sayar da sarƙa ɗaya a kan fam 2,400, abin da ba wuya ba ne ganin yadda farashin gwal ya tashi a 2024 da 2025. Ajiyarsu ta koma fam 7,600, wato ta haura iyaka da fam 1,600. Idan aka raba wannan gida-gida na fam 250 za a samu shida da guntu, a lissafa shi bakwai, sai a rage musu fam 30.45 a kowane wata har ranar da ajiyar ta sauko. Ragin ba mai karya mutum ba ne, amma wajibi ne a sanar da ma'aikatar ta shafin da kowane mai karɓar tallafi ke da shi a intanet, kuma rashin sanarwar shi ne laifin, ba sayarwar ba.

Na ce mace da mijinta da gangan, domin akwai wani abu a nan da ke cin karo da yadda muka taso. A al'adarmu da addininmu dukiyar mace tata ce, miji ba shi da iko a kanta, kuma sau da yawa bai ma san adadinta ba. Universal Credit bai san wannan ba. Ma'auratan da ke zaune tare tallafi ɗaya suke nema, kuma ajiyarsu haɗe ake lissafa ta, ko da kowa da asusunsa, ko da ɗaya bai taɓa ganin katin ɗaya ba. Na ga gidan da maigida ya cike takarda da zuciya ɗaya ya ce abin da suke da shi bai kai iyaka ba, bai san uwargida ta sayar da gwal ta ajiye kuɗin domin bikin ƙanwarta ba. Babu wanda ya yi niyyar ƙarya a cikinsu, amma a takarda bayanin da suka bayar ba daidai ba ne, kuma su biyun ne za su biya. Haka nan fili ko gida da mutum ya mallaka a Kaduna ko Maraɗi yana cikin dukiyar da ake lissafawa gwargwadon darajarsa a can, abin da mutane da yawa ba sa kawowa a ransu saboda ganin cewa yana wata ƙasa.

Sai kuma abin da ake yi da kuɗin bayan an sayar. Dokar tana da wani tanadi game da wanda ya rabu da dukiyarsa da nufin ya samu tallafi ko ya ƙara yawansa: za a ci gaba da yi masa lissafi kamar dukiyar tana hannunsa. Biyan bashi ba ya cikin wannan, haka ma sayen abin da ya dace da halin da mutum ke ciki, kamar wanda ya sayar da mota ya sayi wata, ko ya canza injin wanki da ya lalace. Kyauta ita ce ke jawo tambaya. Mu kuwa mutane ne masu aike gida, kuma wanda ya sayar da abu mai tsada yau, gobe ya tura fam 3,000 ga 'yan'uwa, ajiyarsa ta faɗo daidai ƙasan iyaka, dole ne ya shirya bayanin dalili. Abin da ake dubawa shi ne niyya, kuma niyya ba ta da shaida sai takarda. Idan kuɗin asibitin mahaifi aka biya, a ajiye takardar asibitin da rasit ɗin aikawa, ko da hotonsu ne a waya.

Duk wannan game da kayan da mutum ya saya domin amfanin kansa ne, ya yi amfani da su, ya gaji da su. Da zarar an saro domin a sayar, an shiga wani babi, kuma a gaskiya wannan babin ne ya fi ba ni tsoro saboda yadda sana'a ta zame mana jiki. Mun taso muna ganin iyayenmu mata ba sa zama haka nan: wannan tana ƙuli-ƙuli, waccan tana saƙa, ga dillaliya tana shiga gida-gida da ƙullin atamfofi da kwanuka a ka. Babu wadda ke kiran wannan kasuwanci, 'yar sana'ar rufin asiri ce kawai. To da muka zo nan ba mu bar halin ba. Wadda ta je hutu gida za ta biya Kantin Kwari ta ciko akwati da atamfa da leshi da shadda, ta haɗo da turaren wuta da humra, ta dawo ta ɗora hotuna a WhatsApp da Instagram. Wata kuma shagunan sadaka take bi a nan, ta tsinci riga mai suna a kan fam 4 ta sayar fam 20 a Vinted, gwanjo dai irin na Ƙofar Wambai, sai dai an yi shi da waya. A wurin mai yi, taɓa-ka-lashe ne. A wurin DWP da HMRC, wannan mutum ce mai aikin kanta, kuma ribarta kuɗin shiga ne.

Hukumar haraji tana da wasu alamomi da take bi wajen rarrabe mai kasuwanci da mai rage tarkace, waɗanda asalinsu ya koma ga rahoton wani kwamitin masarauta na 1955 da kuma hukunce-hukuncen kotuna. Ana duba ko an sayi abin ne da niyyar cin riba, da yawan cinikin da maimaituwarsa, da tsawon lokacin da kayan suka yi a hannu kafin a sayar, da ko an gyara su ko an ƙawata su domin su yi daraja, da ko bashi aka ci aka saye su, da kuma irin kayan kansu. Wannan na ƙarshe ya fi saurin tona asiri. Mace ɗaya za ta iya mallakar takalma goma masu lamba ɗaya ta gaji da su, amma ba za ta mallaki takalma arba'in sababbi fil, daga lamba 36 zuwa 42, ta ce duk nata ne na sawa ba. Turmi biyu na atamfa da suka rage daga lefe ba a ɗinka ba, kayanta ne. Turmi talatin a cikin ledarsu, kala-kala, ana ƙaro wasu duk bayan wata uku, haja ce.

Ga kuskuren da na fi ji a bakin mutane, har da masu ilimi: wai idan cinikin bai kai fam 1,000 a shekara ba, babu buƙatar gaya wa kowa. Wannan rangwame gaskiya ne, an shigo da shi a watan Afrilun 2017, amma na haraji ne kaɗai. Ma'anarsa ita ce wanda duk kuɗin da ya shigo masa daga 'yar sana'a bai wuce fam 1,000 a shekarar haraji ba, ba sai ya yi rajista da HMRC ba. Universal Credit ba shi da irin wannan rangwame ko na fam ɗaya. Mai karɓarsa da ke sana'a, komai ƙanƙantarta, wajibi ne ya sanar cewa yana aikin kansa, sannan a ƙarshen kowane wata na lissafinsa ya shigar da abin da ya shigo da abin da ya kashe a kan sana'ar, kamar kuɗin saro da na aikawa da na leda da kwali, ko da a watan bai sayar da komai ba. Mutum zai iya kasancewa ba shi da laifi ko kaɗan a wurin hukumar haraji, amma yana tara wa kansa bashi a wurin ma'aikatar tallafi, wata bayan wata, bai sani ba.

Yadda ake ragin kuwa shi ne, a kan kowane fam 100 na riba ana cire fam 55 daga tallafin. Kafin ƙarshen 2021 fam 63 ake cirewa, sai Rishi Sunak, lokacin yana ministan kuɗi, ya rage shi a kasafin watan Oktoban shekarar. Masu yara da waɗanda rashin lafiya ya rage musu ƙarfin aiki suna da wani kaso da ake bar musu kafin a fara ragin, wanda a shekarar da ta fara daga Afrilun 2025 ya kasance fam 411 a wata ga mai karɓar taimakon haya, da fam 684 ga wanda ba ya karɓa. Sai dai kason na gida ne gaba ɗaya, saboda haka idan maigida yana aiki, albashinsa ya riga ya cinye shi, kuma ribar uwargida tun daga fam na farko za a fara tsakurarta. Idan ta ci ribar fam 200 a wata, tallafin gidan zai ragu da fam 110, ta tsira da fam 90. Wasu na jin haka sai su ce to ina amfanin wahalar, wasu kuma su ce gara a yi shiru. Na fahimci masu maganar farko, ko da yake fam 90 ma kuɗi ne. Masu maganar biyu kuwa suna sayar da kwanciyar hankalinsu da araha.

Akwai mataki na gaba ga wadda sana'ar ta zama ita ce babban aikinta, tana yinta a tsare, a kai a kai, da sa ran riba. Irin wannan, idan tana cikin waɗanda ake sa ran su yi cikakken aiki, ana ba ta wata 12 na farawa, inda ake lissafi da ainihin abin da ta samu. Bayan nan sai a fara ɗauka cewa tana samun aƙalla abin da mai mafi ƙarancin albashi zai samu a sa'o'in da aka yanka mata, galibi sa'a 35 a mako, ko ta samu ko ba ta samu ba. Da albashin fam 12.21 a sa'a da aka fara a Afrilun 2025, wannan ya haura fam 1,800 a wata kafin a cire haraji. Mai sayar da turare da ribarta ba ta wuce fam 400 ba za ta ga an yanke mata tallafi kamar mai cikakken albashi. Duk wadda ke tunanin mayar da sayarwa a intanet sana'arta ta dindindin, ya kamata ta san da wannan tun kafin shekarar farko ta ƙare.

Dillanci ma yana da nasa tarko. Sau da yawa a cikin ƙawaye akwai guda ɗaya da ta iya waya, ta iya ɗaukar hoto da rubuta bayani da Turanci, sai kowa ya riƙa kawo mata kaya ta sayar masa a asusunta. Kuɗin mutum biyar yana shiga bankinta, tana cira tana miƙawa hannu da hannu, babu rubutu. A rahoton kamfani duk cinikin nata ne, a takardar banki duk kuɗin nata ne, kuma idan ana ba ta la'ada, la'adar kuɗin shiga ce da ya kamata ta bayyana. Shawarar da nake ba kowa ita ce ta taya ƙawarta buɗe nata asusun, ta koya mata, ya fi mata sauƙi a kan ta zo tana rantse-rantse daga baya a kan kuɗin da ko ƙwandala ba ta ci ba.

Yaya ake ganewa? Mutane na zaton akwai wani jami'i da ke zaune yana leƙen shafukansu, alhali hanyar da aka fi bi ba ta da wani ɓoye. Ma'aikatar tana bitar tallafin mutane, ta aiko saƙo a shafin mutum ta nemi shaidar ko wane ne shi da takardun bayanan banki, yawanci na wata huɗu, na kowane asusu. An kuma gabatar da wani ƙudurin doka a majalisa a Janairun 2025 da ya tanadi a riƙa neman bankuna su nuna asusun masu karɓar tallafi da alamu suka nuna sun haura iyakar ajiya. Lokacin da bitar ta zo kan maƙwabciyata, watanni bayan wancan firgici, mun baje takardun a kan teburin kicin ɗina bayan yara sun yi barci, ita da biro ja, ni da wayarta. Duk inda muka ga kuɗi ya shigo daga Vinted sai ta ja layi, ni kuma in buɗe manhajar in nemo abin da aka sayar a ranar: rigar makaranta fam 3.50, takalmin ruwan sama fam 5, jakar goyo fam 12. Hotunan duk a kan shimfiɗar gadonta aka ɗauke su, wata rigar ma da ɗan tabon miya a hannu wanda ta rubuta a bayanin. Na ce mata, "Ƙanwata, wannan tabon shi ne lauyanki." Abin da ya fi ɗaukar mana lokaci ma ba kayan ba ne, kwasar adashe ce ta fam 600 da ta shigo a dunƙule, wadda sai da muka rubuta bayanin yadda adashe yake da jerin watannin da ta yi tana zubi. An rufe bitar ba tare da an canza mata komai ba.

Ga wanda aka samu an biya shi fiye da haƙƙinsa, ana karɓar rarar ta hanyar cira daga tallafin watanni masu zuwa, kuma a tsarin Universal Credit ana iya neman a dawo da ita ko da kuskuren ba daga mai karɓa ya fito ba. Idan sakaci ne ya hana shi sanarwa, ana iya ƙara masa tarar fam 50, idan kuma an ga da gangan ya ɓoye, maganar na iya kaiwa kotu. Wanda bai yarda da hukuncin ba, misali an ɗauki tarkacensa a matsayin haja, yana da wata guda ya nemi a sake dubawa, daga nan kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun sauraron ƙorafin tallafi. Ofisoshin Citizens Advice suna taimakawa a kan wannan kyauta.

Sauran tallafin kowanne da nasa hali. PIP, na masu naƙasa ko doguwar jinya, ba ya duba ajiya ko kuɗin shiga. Dattawa masu karɓar Pension Credit ba a taɓa fam 10,000 na farko na ajiyarsu, bayan nan ake lissafa fam 1 a mako a kan kowane fam 500. Wanda ya fi tsanani shi ne Carer's Allowance na masu jinyar wani, domin yana da iyakar abin da mutum zai samu daga aiki, fam 196 a mako a shekarar da ta fara daga Afrilun 2025, kuma wanda ya haura ta ko da fam ɗaya ne ya rasa kuɗin makon baki ɗaya, wanda a waccan shekarar fam 83.30 ne. Sayar da tsofaffin kayan gida ba ya shiga wannan lissafi, amma ribar sana'a tana shiga.

Da yawa daga cikin Hausawan da suka shigo a shekarun nan, ɗalibai da masu bizar aikin jinya da iyalansu, ba su da izinin karɓar irin wannan tallafi tun asali, an rubuta haka a sharuɗɗan bizarsu. Amma iyakar da ke tsakanin tarkace da haja ta shafe su ta wata fuska da ta fi tsada, domin bizar ɗalibi ta haramta masa yin aikin kansa ko kasuwanci. Ɗalibin da ya kammala karatu ya sayar da kekensa da littattafansa da tukunyar shinkafarsa kafin ya koma gida bai taka doka ba. Wanda ke karɓar kilishi da huluna daga gida yana tallatawa a Instagram kuwa, abin da yake wasa da shi ba fam 55 cikin 100 ba ne, zamansa ne a ƙasar.

Maƙwabciyata daga baya ta fara haɗa turaren wuta da humra tana sayarwa, kuma kafin ta sayar da kwalba ta farko sai da ta sanar. Ta sayi littafi mai bango ja a kan fam 1, ta raba shi biyu: daga gaba tana rubuta kayan gida da ta rage, da ranar da kuɗinsu, daga baya kuma tana rubuta sana'a, abin da ta kashe da abin da ya shigo, rasit ɗin kuma tana cusa su a wata tsohuwar robar alewa. A watan jiya ribarta fam 80 ce, aka rage musu fam 44. Ta zo ta nuna mini lissafin tana dariya, ta ce fam 36 ɗin da suka rage ta saya wa babban ɗanta takalmin ƙwallo da su, shi ma na hannu, a Vinted. Sarƙar da mahaifiyarta ta bar mata kuwa, wadda ta taɓa tambayata nawa za ta yi idan aka kai ta kasuwa, ta ce ta mayar da ita ƙasan akwati.